Amsa Kan Goron Ɗaurin Aure

Ɗana, na ga tambayarka game da goron da za a raba a ɗaurin auren ƙanwarka, inda ka ce wani abokinka ya ce maka goro ma ƙwaya ne, don haka ya kamata a bar al'adar. Abokin naka ya kama gefen gaskiya, sai dai ya yi wa abubuwan kuɗin goro.

Lallai goro yana taɓa ƙwaƙwalwa, domin yana ɗauke da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin kofi da shayi. Tun daga wayewar gari wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma idan ya zauna a gurbinsa sai mutum ya ji gajiya da barci. Kafeyin yakan riga shi zama a gurbin nan, gajiyar tana nan amma saƙonta bai iso ba. Abin da ya sa ke nan fataken da ke zuwa Gwanja da Salaga a zamanin da suka riƙe goro abokin tafiya. Bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗin yana nan a jini, shi ya sa goron la'asar yake hana barcin dare. Idan aka lazimce shi kuma, ƙwaƙwalwa takan ƙara yawan guraben, sai a wayi gari ɓari ɗaya ba ya isa. Marigayi kakanka, Allah ya jiƙansa, duk farkon azumi yakan ɗaure kai tamau da rawani saboda ciwon kai, yana ta hamma, ba mai kusantarsa sai ya sha ruwa ya ɓare goronsa.

Hodar iblis da ƙwayar metamfetamin kuwa ta wata ƙofa suke shiga. Dofamin suke tayarwa, wato sinadarin da ke sa mutum jin daɗi da kwaɗayin maimaita abu. Hodar tana hana a kwashe shi bayan ya gama aikinsa, ita kuma metamfetamin tana tilasta fitar da shi da yawa. Ƙwaƙwalwa sai ta rage masu karɓarsa domin kare kanta, daga nan abinci da hira da iyali duk su zama lami, ga rashin barci da zargin kowa. Goro bai kai can ba.

Saboda haka ka sayi ƙwarya biyu kamar yadda aka saba, ka ware farare manya domin waliyyai da liman. Gwaggonka dai, tunda tana fama da hawan jini da bugun zuciya, a ba ta dabino.