Me ya sa != ke fito min da ɗaliban da ban nema ba a XSLT?

Tambaya: Malam, ina da fayil ɗin XML na ɗalibai, kowane ɗalibi da darussansa a ƙarƙashinsa. Ina so in ware waɗanda ba sa ɗaukar Lissafi, sai na rubuta test="darasi != 'Lissafi'". Amma har masu Lissafin sun fito. Ina matsalar take?

Amsa: Abin da ka tambayi injin ne ya ba ka. XSLT harshe ne na sarrafa fayilolin XML, kuma da wani harshe mai suna XPath ake rubuta sharuɗɗansa. A XPath 1.0, wanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta W3C ta fitar a 1999 tare da XSLT 1.0, darasi a sharaɗinka na nufin tarin duk darussan ɗalibin. Idan aka gwama tari da rubutu, amsa takan zama gaskiya muddin ko guda a cikin tarin ya cika sharaɗin.

Ɗauki ɗalibi mai Lissafi da Hausa. darasi = 'Lissafi' gaskiya ne, saboda Lissafi na ciki. darasi != 'Lissafi' shi ma gaskiya ne, saboda akwai Hausa, kuma Hausa ta bambanta da Lissafi. Ka ga ke nan alamun biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Abin da kake buƙata shi ne not(darasi = 'Lissafi'), wato babu ko ɗaya da ya yi daidai. Ni dai shawarata, duk inda abu zai iya maimaituwa, ka guji != kwata-kwata.

Sai ka lura da ɗalibin da ba a rubuta masa darasi ko ɗaya ba. A kansa = da != duk ƙarya suke bayarwa, amma not() zai fito da shi. In ba ka son haka, rubuta darasi and not(darasi = 'Lissafi').

Akwai wani tarkon kusa da wannan. Idan ɗalibi na da biya="false" ka rubuta @biya = true(), XPath 1.0 zai ce gaskiya, domin yana duba ko sifar biya tana nan ne kawai, bai damu da abin da ke cikinta ba. Rubuta @biya = 'true'.

XSLT 2.0 na 2007 ya zo da alamun "eq" (daidai) da "ne" (ba daidai ba), masu gwama abu ɗaya da ɗaya, kuma suna tsayar da aiki da saƙon kuskure in darussan sun wuce ɗaya. A cikin injinan da ke gudanar da XSLT, Saxon na gane su, xsltproc kuwa a 1.0 ya tsaya, don haka duba injin da kake amfani da shi tukuna.