Lamba ɗaya ne ko lamba biyu? Amsa kan jerin 'yan gad na jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka duba jerin gwanayen 'yan gad da ake fitarwa kafin a fara kakar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, ka tarar da yaro ɗaya wani ya sa shi cikin masu raba ƙwallo, wani kuma cikin masu jifa. Kana son sanin wa ke da gaskiya, kuma ko jerin abin dogaro ne. Na daɗe ina hana idona barci a kan wasan nan, don wasan da suke farawa ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a nan ƙarfe ɗaya na dare ne. Ga abin da na gani.

A takarda abin ba wuya. 'Yan wasa biyar ne, ana ƙirga su daga ɗaya zuwa biyar. Lamba ɗaya shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya tsara hari, ya raba. Lamba biyu aikinsa ya kuɓuce wa mai tsaronsa, ya karɓa, ya jefa daga nesa. Su biyun ne 'yan gad. Amma babu wata doka da ta san wannan rabon. Alƙalin wasa bai damu da lambarka ba, kuma ba mai tsaron gida kamar a ƙwallon ƙafa da aka ware masa nasa hurumi. Makaranta ce ke rubuta wa yaro matsayi a takardar 'yan wasanta, sau da yawa ma gad kawai take rubutawa ta yi shiru. Mai haɗa jeri shi ke yanke sauran da kansa.

Ni kaina na ɗanɗana. A sakandare kocinmu ya ba ni lamba ɗaya don kawai ni ne gajeren ciki. Wallahi ban iya ganin fili ba, kaina na ƙasa ina kallon ƙwallo. Wani dogo da aka rubuta wa lamba uku shi ke raba mana wasa, ni kuwa in tsallako da ita tsakiya in miƙa masa. Duk wanda ya karanta takardarmu bai san mai tuƙa motar ba.

A can ma haka ne. Dubi Stephen Curry a kwalejin Davidson. A 2008, lokacin da ya zuba wa Gonzaga maki 40 a gasar cin kofin jami'o'i ta ƙasa suka yi ta tafiya har zagayen ƙungiyoyi takwas, kafin Kansas ta tsayar da su 59 da 57, ba shi ke raba ƙwallo ba. Jason Richards ne, wanda ya fi kowa a ƙasar ba da ƙwallon da aka ci a wannan kakar. Da Richards ya kammala karatu sai aka mayar da Curry lamba ɗaya, kuma a hakan ya fi kowa maki. Yaron bai canza ba, abokin tafiyarsa ne ya tafi. Russell Westbrook a UCLA gefen Darren Collison yake bugawa, amma da ya shiga NBA, gasar ƙwararru, a 2008 lamba ɗaya aka damƙa masa.

Har masu ba da lambar yabo ba su tsira ba. Zauren tunawa da gwanayen wasan da ke Springfield yana ba da kyautar Bob Cousy ga gwanin lamba ɗaya tun 2004, sai a 2015 aka ƙaro ta Jerry West don lamba biyu. Su ma kafin kaka suke fitar da sunaye ashirin-ashirin, a rage zuwa goma, a koma biyar. Wanda ya fara cin ta Jerry West shi ne D'Angelo Russell na Ohio State, kuma a shekarar Lakers ta NBA suka ɗauke shi suka ce ya raba musu ƙwallo. A 2021 Ayo Dosunmu na Illinois, ɗan Chicago mai tsatson Najeriya, ya ci ta Cousy, alhali masu kallo da yawa mai neman maki suke ganinsa. To ka ga waɗanda suka raba maka yaron nan gida biyu, kowa da hujjarsa.

Wasan ne ma ya sauya. Tun kakar 2005 zuwa 2006 koci Jay Wright ya riƙa fito da 'yan gad huɗu a Villanova, Randy Foye, Allan Ray, Kyle Lowry da Mike Nardi, bayan gwiwar Curtis Sumpter ta samu matsala. A lokacin kamar larura ce. Yanzu kuwa lokacin hari daƙiƙa 30 ne tun 2015, layin maki uku ya ja baya zuwa mita 6.75 a 2019, fili ya buɗe, kowane koci yana son masu iya riƙe ƙwallo biyu ko uku a lokaci guda. Baylor da ta lallasa Gonzaga 86 da 70 a wasan ƙarshe na 2021, Jared Butler da Davion Mitchell karɓa-karɓa suke yi. Ka ce min wane ne lamba ɗaya a cikinsu, in kawo maka wasan da zai ƙaryata ka.

Batun dogaro da jerin kuma, ni ina karanta shi, amma na san da me aka dafa shi: alƙaluman bara, sunan makaranta, da surutun da aka yi a kan yaro tun yana sakandare. Ƙungiyoyin rukunin farko sun haura 350, ba mahaluƙin da ya kalle su duka. Inda jerin ke dacewa shi ne a kan tsohon hannu da bai canza koci ba. Kafin kakar 2017 zuwa 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya sa Jalen Brunson na Villanova cikin gwanaye biyar da ya zaɓa a duk ƙasar, kuma ya ci kyautar Cousy ya ɗauki kofi. Amma a biyar ɗin nan babu Trae Young, sabon shiga a Oklahoma, wanda a kakar ya fi kowa maki ya kuma fi kowa rabawa, abin da ba a taɓa haɗawa ba. Ja Morant daga Murray State ya fito, bayan yawancin manyan makarantu sun yi masa kallon hadarin kaji, ya gama kakar 2019 da maki 24.5 da rabo 10 a kowane wasa. Jami'ar Connecticut ta Kemba Walker ba ta cikin jerin ƙungiyoyi ashirin da biyar na farko da aka shiga kakar 2010, ita ta ɗaga kofi a Afrilun 2011.

Yanzu ma ya fi wuya, tunda daga 2021 yaro na iya sauya makaranta ya buga nan take. Wanda ya saba komai ta hannunsa yake bi a ƙaramar makaranta, sai ya faɗa inda akwai wani mai ƙwallon. Makin bara ba ya biyo shi a jaka.

In kana son ka gane matsayin yaron da ka tambaya a kai, bari a shiga Nuwamba ka kalle shi wasa uku. Kada ka damu da wanda ya tsallako da ƙwallo tsakiya, wannan ko ni na yi. Ka lura da hannun da take komawa idan saura daƙiƙa goma hari ya lalace, da wanda dogon ƙungiyar ke zuwa ya tare masa mai tsaronsa, da kuma wanda koci ya sa shi ya tsare a ɗaya ɓangaren. Sannan ka ga abin da ke faruwa idan an zaunar da shi minti huɗu: in ƙungiyar ta fara zubar da ƙwallo, shi ne lamba ɗayansu ko me aka rubuta. Turo min sunansa da makarantarsa, in wasansu bai wuce ƙarfe uku na dare ba zan duba maka.