Hilux ɗina tana rawa a silo, ga wutar cek injin ta kama, ina mafita?

Malam, ka ce in ka tsaya a danja motar sai ta riƙa kakkarwa kamar za ta mutu, in ka taka totur kuma ta saitu. To kafin ka sayi komai a fara jona mata kwamfuta, soket ɗin yana nan ƙasan sitiyari, kuma don Allah kar a cire kan batir tukuna, yana goge lambobin matsalar da kwamfutar za ta nuna ne kawai ciwon na nan.

In P0300 ta fito injin na tsallake wuta, P0301 zuwa P0304 kuma silindar da ke da matsala ake nuna maka. Nan dabarar, in motar mai fetur ce, ita ce a musanya koyil ɗin silindar, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na kusa da shi, in lambar ta bi shi zuwa ɗaya silindar to shi ne, in ba ta bi ba a duba fulogi da nozul mai fesa mai. P0171 iska ce ta fi mai yawa, ko tiyo ya tsage ko fil fam ya yi sanyi ko sensar iska ta sha ƙura, ka san Kano da hunturu. A wanke bakin totur da ke jikin injin a sauya iya kilina, sau da yawa nan take lafawa.

Inda mutane ke asara shi ne da ganin lamba sai a ruga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, a sayo sensa, alhali waya ce ta tsinke. Man bumburutu ma yana jawo wannan rawar.

Amma in wutar cek injin ƙiftawa take yi, ko kana ganin farin hayaƙi ruwa na raguwa a lagireto, ajiye motar ka kira bakanike ya auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin cikin silinda, ƙila gasket ne.