Lilon da aka zana don ya kashe masu hawansa

Tambaya: Na ga wani hoton bidiyo a Facebook na jirgin lilo irin na wuraren wasa, wai an ƙera shi ne don kashe duk wanda ya hau. Da gaske an gina shi? (Wani mai karatu, daga Zariya)

Amsa: Malam, ba a taɓa gina shi ba. Aikin fasaha ne mai suna Euthanasia Coaster, wanda Julijonas Urbonas, ɗan ƙasar Lituweniya, ya zana a 2010 lokacin yana karatun digirin digirgir a Royal College of Art da ke Landan. Abin da ke akwai ɗan ƙaramin samfuri ne kawai, wanda aka baje a zauren baje kolin kimiyya na Science Gallery da ke Dublin, babban birnin Ireland, a 2011.

A zanen, jirgin zai ɗauki mutum 24, ya hau da su mita 510 a hankali cikin minti 2. A can ƙololuwa wanda ya fasa yana iya sauka. Sauran sai jirgin ya gangaro da su mita 500, gudunsa ya kai kilomita 360 a awa, sannan ya shiga zobba 7 a jere, kowanne ya fi na gabaninsa ƙanƙanta.

Nan ne lissafin yake. Duk abin da ke juyawa cikin zobe da gudu, jikin wanda ke ciki yana ƙara nauyi. Gudun jirgi yana raguwa saboda gogar iska da ta dogo, shi ya sa aka rinƙa rage faɗin zobban domin nauyin ya tsaya a ninki 10 na nauyin jiki har tsawon daƙiƙa 60. Jini sai ya sauka ƙafafu, zuciya ta kasa tura shi kai. Launuka su ɓace wa mutum, gani ya ƙuntata kamar mai leƙe ta bututu, duhu ya rufe, ya sume. Direbobin jiragen yaƙi suna jure kusan ninki 9, amma na ɗan lokaci, kuma da horo da wando na musamman mai matse cinya da ciki. Lilon wasa na gaske bai cika wuce ninki 4 ko 5 ba, shi ma na daƙiƙu kaɗan.

Siffar zoben ma ba da'ira ce sak ba, ta fi kama da ɗigon hawaye. Wani lilo mai da'ira sak da aka buɗe a Coney Island ta Amurka a 1895 ya rinƙa ji wa mutane ciwo a wuya, saboda nauyin yana faɗo musu lokaci guda.

Mu a ganinmu babbar tangarɗar zanen ita ce juriyar jiki ta bambanta, don haka wani na iya fitowa da rai amma ƙwaƙwalwa ta lalace. Urbonas ya yi aikin ne don tayar da muhawara kan taimaka wa majinyaci ya mutu, abin da Holan da Beljiyam suka halatta a 2002, wanda kuma Musulunci ya haramta. Ƙungiyar Care Not Killing ta Birtaniya, mai adawa da taimaka wa majinyaci ya mutu, ta soki zanen, tana ganin bai dace a haɗa mutuwar ɗan'adam da nishaɗi ba.