Furen da zai haye katanga da wuri

Hajiya, tunda kin ce so kike katangar tsakar gida ta rufe kafin damina ta wuce, ki nemi irin morning glory, dangin dankalin Hausa ne, asalinsa daga Mekziko da kewayenta.

Matsalarsa ɗaya, ɓawon irin tauri gare shi. Ki ɗan kankare gefensa da reza kaɗan kawai, kar ki kai ciki, sai ki jiƙa a ruwa ya kwana, da safe za ki ga ya kumbura to ki shuka kai tsaye inda zai zauna don ba ya son dashe, zurfin kamar santimita 1, wajen mako ɗaya ya tsiro. Ki ɗaura masa igiya ko siririyar waya tun yana ƙarami, naɗewa yake yi, ba ya kama siminti da kansa.

Rana yake so sosai. Taki kuwa kar ki cika, in ya yi yawa ganye za ki samu ba fure, nan mutane ke yin kuskure wallahi.

Furen da safe yake buɗewa, da rana ta take sai ya rufe. Irin yana da guba, ki ɓoye wa yara.