Hukuncin "seriously" da "honestly" a bakin yaranmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni uwa ce daga Tudun Wada nan Kaduna, 'yata tunda ta shiga Poly bakinta ya canza, komai aka faɗa mata sai "seriously?", in za ta tabbatar da magana sai "honestly mama", rannan ma tukunyar miya ta kife mata sai na ji ta ce "Jesus!" wai a bakin ƙawaye ta ɗauka. Malam ya halatta kuwa, kuma "honestly" ɗin nan rantsuwa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Abin da kika haɗa a kwando ɗaya ba hukuncinsu ɗaya ba, bari mu raba.

Shi yare a kan kansa ba haram ba ne, Allah ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyinsa a Suratur Rum aya ta 22, kuma Bukhari ya ruwaito Annabi (SAW) ya saka wa Ummu Khalid riga tana yarinya yana ce mata "sanah, sanah", kalmar Habasha ce mai nufin kyakkyawa, don a can aka haife ta. To "seriously" mene ne in ba "da gaske?" ba, irin yadda ke za ki ce "haba dai!" ko "kai!", ba ibadar kowa ba ce ba alamar addinin kowa ba, a garin da Bahaushe da Bajju da Bayarabe ke shiga keke ɗaya dole baki ya ɗauki na maƙwabci. Babu zunubi a nan. Abin da dai ta yi asara shi ne lada, don Annabi (SAW) in abu ya ba shi mamaki Subhanallah yake cewa, haka ya ce wa Abu Huraira lokacin da Abu Huraira ya sulale daga wurinsa don yana da janaba, Subhanallah mumini ba ya zama najasa.

"Honestly" kuwa, wato "gaskiya", ba rantsuwa ba ce, rantsuwa da sunan Allah ko siffarsa take ƙulluwa, saboda haka in ta ce honestly gobe zan dawo da wuri ba ta dawo ba babu kaffarar ciyar da miskinai 10 ko azumin kwana 3 a kanta. Amma kar ta ɗauka ta sami ƙofar baya, ƙarya ƙarya ce ko da wane yare, mai kaya a Kasuwar Bacci da zai ɗaga riga ya ce honestly haka na saro alhali ya ninka kuɗin, Turancin bai wanke shi ba. Ni kam gaskiya in zaɓi aka ba ni gara yaro ya ce "seriously" da ya riƙa jefa wallahi tallahi a kan canjin naira 50 da sakamakon ƙwallo, wannan ya fi damuna nesa ba kusa ba, sunan Allah ya zama abin cike magana kuma iyaye ba sa ko ɗaga kai saboda da Hausa aka faɗa. In ta ce "literally na mutu da dariya" shi ma kambamawa ce kowa ya san ba ta mutu ba, Annabi (SAW) ya ce wani sahabi Abu Jahm ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa alhali dole ya sauke ta in zai yi barci ko salla, malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin irin wannan salon.

Inda za ki tsaya tsayin daka shi ne "Jesus!". Annabi Isa (AS) muna son shi muna girmama shi, amma kiran gaggawa in abu ya faɗo wa mutum na Allah ne shi kaɗai. Ba za mu ce ta yi shirka ba tunda suɓutar baki ce ba ta nufi neman agajinsa ba, kar ma ki jefe ta da wannan kalmar, amma lafazin bai halatta ba dole ta bari, ta maye shi da Innalillahi ko Subhanallah. Ki faɗa mata ku biyu a ɗaki ba a gaban ƙannenta ba, in ya sake suɓuce mata ta bi shi da La'ilaha illallah nan take, a hankali harshen zai saba. Wallahu a'alam.