Ga ƙanwata mai son zuwa Ingila aikin ungozoma

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce kin gaji da ganin mata suna rasuwa a hannunki don babu jini, babu wuta, kina so ki taho inda ba a mutuwa wajen haihuwa. Wa ya gaya miki haka?

Tazarar dai tana da yawa, ban musa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mata fiye da 1,000 cikin haihuwa 100,000 a Najeriya a 2020, nan kuwa ba su kai 15 ba. Amma tambayi su wa ke mutuwar. Rahoton MBRRACE, masu bin diddigin mutuwar mata wajen haihuwa a Birtaniya, na 2018 ya ce haɗarin baƙar mace ya ninka na Baturiya sau 5, na 2024 ya ce kusan sau 3. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, magani ga shi a ajiye.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne rashin saurare. Mai jego ta ce ƙafarta ta kumbura, numfashinta na sarƙewa, sai a rubuta cewa tsoro ne kawai, alhali daskarewar jini na sahun gaba wajen kashe masu jego a ƙasar nan. Ko Serena Williams, 'yar wasan tennis, da duk sunanta, sai da ta nace bayan ta haihu a Amurka a 2017 kafin a duba huhunta. Littattafan likitocin nan sun koyar da neman fatar da ta yi fari fat ko shuɗi a matsayin alamar haɗari. A jikinmu fa? Ni ƙasan ido nake ja in leƙa, in duba dasashi da tafin hannu, kamar yadda aka koya mana a gida.

Ga kuma kunyarmu. Bahaushiya mai haihuwar fari ta cije leɓe, ko uffan, sai su ɗauka naƙudar ba ta yi nisa ba. Wadda ta yi ihu kuma a ce ta cika rigima.

Ke ma za ki sha naki. Na sha kiran likita ya yi biris da ni, sai da Baturiyar da na girme a aiki ta maimaita maganata sannan ya taso. Matsayin da nake a yau, da naci na same shi. In kin san za ki sunkuyar da kai don an ɗaga miki murya, yi zamanki a Kano, can ma ana bukatarki.

Batun rajistar NMC, hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta nan, da jarrabawar Turanci, turo takardunki in duba idan na sauko daga aikin dare.